Tallafin gyaran unguwa: wa ke bayarwa, kuma ta ina ake farawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu a Funtua. Duk damina layinmu kogi yake komawa, ruwa har cikin ɗakuna, kwatar da ke akwai ta cike wani wajen ma ta rufta. Mun ji ana cewa akwai ƙananan tallafi da ake ba mutanen unguwa su yi aiki da hannunsu ba sai an kawo ɗan kwangila ba. Da gaske ne? Wa ke bayarwa, ya ake nema, kuma mu da ba mu da kowa a gwamnati za mu iya samu? Mun yi karo-karo mun tara sama da dubu 100 amma wasu sun fara cewa a raba kuɗin kowa ya kama gabansa."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka muku da alheri da wannan ƙoƙari. In na fahimce ka abu uku kake tambaya, ko irin wannan tallafin akwai shi da gaske, ta wace ƙofa ake shiga, sai kuma wanda ka ajiye a ƙarshe wanda ni a wajena shi ya fi gaggawa, wato kuɗin da kuka tara da ake so a raba. Bari in fara da shi. Don Allah kar ku raba. Wannan dubu 100 ɗin, tare da littafin da ka rubuta sunayen waɗanda suka bayar, su ne abu mafi ƙarfi da za ku nuna wa duk wanda za ku je wajensa, kuma za ka ga dalili in na yi maka bayanin yadda tsarin yake. Na yi shekaru ina aikin wayar da kan al'umma da bibiyar irin waɗannan ƙananan ayyuka a ƙauyuka da unguwanni, daga abin da na gani zan yi maka magana.

Asalin abin

Tunanin da ke ƙarƙashinsa mai sauƙi ne. Mutanen da ke kwana suna tashi a wuri sun fi kowa sanin inda ruwa ke taruwa da gidan da yake fara shiga, kuma in su suka sayi siminti suka tsaya kan birkila aikin ya fi araha ya fi ƙarko, saboda ba ribar ɗan kwangila a ciki, kuma wanda ya ci kuɗin gobe zai haɗu da mutane a masallaci. Sai mai tallafi ya ce to ku kawo naku in ƙara muku nawa.

Wurin da ya yi suna da wannan a birane shi ne Seattle ta Amurka. A 1988 hukumar birnin ta buɗe wani asusu na unguwanni da dala 150,000, mutumin da ya jagoranci ofishin unguwannin a lokacin sunansa Jim Diers. Sharaɗin shi ne duk abin da birni zai bayar sai unguwa ta kawo nata gefen, amma ga inda hikimar take, nata gefen ba dole sai kuɗi ba. Awannin da mutane suka yi suna aiki kyauta ana lissafa su a matsayin kuɗi, kayan da wani ya bayar ana yi musu kima, in akwai injiniya a unguwar da ya zana aikin kyauta shi ma ana sa kuɗin aikinsa a lissafi. Da wannan aka yi filayen wasan yara da lambuna da dashen itatuwa birjik, kuma garuruwa da yawa suka kwaikwaya. Ka ga ai aikin gayya ne da muka gada, bambancin kawai su sun rubuta shi a takarda sun yi masa farashi.

A nan gida kuma babban misali shi ne shirin CSDP na ayyukan raya al'umma, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 200 ya fara aiki a 2009, daga baya aka ƙara kuɗi a 2014 da 2016, ya rufe a 2021. Jihohin da suka shiga kowacce ta kafa hukumar da za ta gudanar da shirin, ana kiranta CSDA, kuma Katsina na ciki. Yadda ake yi a lokacin, al'umma ta rubuta takardar nuna sha'awa ta bi ta ƙaramar hukuma, ma'aikata su zo a yi taro a fili, maza da mata da matasa kowa ya faɗi abin da ya fi damunsa, a jera su a zaɓi na gaba-gaba, sannan a zaɓi kwamitin da zai riƙe aikin, ana ce masa CPMC, kuma dole a sa mata a ciki. Kwamitin ya buɗe asusun banki, al'umma ta kawo kashi 10 cikin ɗari a farkon shirin, ko kuɗi ko yashi da tsakuwa da ƙwadago, kuɗin ayyukan al'umma ɗaya kuma bai wuce naira miliyan 10 ba. Kuɗin ba a zuba shi gaba ɗaya, kashi-kashi ake sakewa, sai kun kawo rasit da shaidar aikin kashin farko kafin a saki na biyu. Azuzuwa, ƙananan asibitoci, rijiyoyin burtsatse, kwalbati, magudanan ruwa, rumfunan kasuwa, duk an yi su ta wannan hanya. Bayan rufe shi sai wani shirin Bankin Duniya mai suna NG-CARES ya biyo baya da dala miliyan 750 ga jihohi 36 da Abuja, kuma ɓangaren ƙananan ayyukan al'umma a jihohi da dama ta hannun waɗannan hukumomin CSDA ɗin ya ci gaba.

To amsar tambayarka ta farko eh ne, da gaske ne akwai.

Ƙofofin da za ku ƙwanƙwasa

Ta farko ita ce hukumar CSDA ta jiharku, kuma hanyar zuwa can tana farawa ne daga sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukumarku. Ku je da ƙafarku, mutum uku ko huɗu har da dattijo ɗaya, ku tambayi jami'in ci gaban al'umma wane zagaye ake ciki da yadda ake shigar da takarda, ku bar wasiƙa, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Wannan kwafin mai hatimi ku adana shi sosai, shi ne zai sa in kun koma ba za a ce ba a san da zamanku ba.

Akwai kuma ofisoshin jakadanci. Na Japan yana da tsohon shiri na tallafa wa ƙananan ayyuka tun 1989, kuma an yi makarantu da asibitoci da ayyukan ruwa da shi a Najeriya, sai dai su suna son ƙungiya mai cikakkiyar rajista da tarihin aiki da bayanan kuɗi, ƙungiyar da aka kafa bara da wuya ta tsallake. Ɓangaren Amurka kuwa ya tsuke sosai tun da aka rufe USAID, hukumarsu ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, a 2025. Ni ban cika tura sababbin ƙungiyoyi wajen 'yan waje da farko ba, cike fom ɗin kaɗai yana iya cinye muku wata biyu, ga gasa daga ko'ina a ƙasar.

Wadda mutane ke rainawa alhali ta fi saurin buɗewa ita ce ta kusa. Kamfani ko masana'anta ko gidan mai da ke yankinku, attajirin unguwa da ya koma Abuja ko Kano, 'yan unguwarku da ke aiki a wasu garuruwa, kansila, ɗan majalisa. Amma ka lura da yadda za ku je musu. In kuka ce a taimaka mana da magudanar ruwa, za a ce Allah ya hore a ba ku na mota. In kuka ce ga mita 60 da muka riga muka haƙa da kanmu, ga hoto, ga lissafi, abin da ya rage mana buhun siminti kaza ne da rodi kaza, kuma ba kuɗi muke so a hannu ba a biya mai shago kai tsaye a kawo mana kayan, wallahi amsar takan canza. Mutum yana son ya san iyakar abin da ake nema a wajensa, yana kuma son ya tabbata ba cin kuɗinsa za a yi ba. Game da ɗan majalisa ga jan kunne ɗaya, aikin mazaɓa yawanci da ɗan kwangilarsa yake zuwa, ku ba ku da ta cewa a kan inganci. In za ku iya ku nemi kayan aiki a wajensa ku riƙe aikin a hannunku ya fi muku.

Batun ba mu da kowa a gwamnati, ba zan ce maka siyasa ba ta shiga ba, tana shiga, musamman wajen wace mazaɓa za a fara da ita. Amma ka sani su ma jami'an akwai abin da ke kansu, ana auna su da yawan ayyukan da aka gama aka kawo rasit cikakke. Unguwar da ta zo da kwamiti a tsaye da kasonta a banki sauƙi ce gare su, nemanta suke yi. Na sha ganin an tsallake garin da ke da babban mutum saboda sun kasa haɗa kasonsu, an ba wa wani ƙauye da mata suka tara nasu ta adashi.

Abin da za ku shirya tun yanzu

Ƙungiyar matasa kaɗai ba za ta wadatar ba, wannan ka karɓe shi da zuciya ɗaya. Mai tallafi yana son ya ga unguwa ce gaba ɗaya. Ku je wajen mai unguwa da liman ku nemi a kira taro, a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, a kafa kwamitin aiki da ya haɗa dattawa da matasa da mata da 'yan haya. Mata kuma ba don cike sharaɗi ba, su ne ke kwashe ruwa da bokiti da tsakar dare in ya shigo, sun san ta inda yake ɓullowa. In ba za su zo taron maza ba a yi musu nasu a gidan mai unguwa ko a Islamiyya, wata ta rubuta abin da suka ce a kawo. Kuma a gwaji na ma'aji mace ta fi wahalar a lallaɓa ta ta ba da rancen kuɗin aiki.

Sai rajista. Ta ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha mai kula da ƙungiyoyi ta fi sauƙi da araha, kuma ta isa ku fara. Ta CAC kuwa, hukumar tarayya mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, tana buƙatar tsarin mulkin ƙungiya da buga sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, bankuna kuma kan nemi takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ga irin wannan ƙungiya, don haka ku bar ta sai kun yi nisa. Abin da ba za ku jinkirta ba shi ne fitar da kuɗin nan daga hannun mutum ɗaya ko asusun wayar wani. A sa shi inda sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kafin a cire. Ina kyautata zaton masu cewa a raba ba mugunta ce ta sa su ba, sun ga kuɗi na zaune ba a yin komai, sun fara zargi. Maganin zargi kuwa a fito da lissafi fili. Akwai wata unguwa da na bibiya, sakatarensu kwali yake samu fari babba, ya ja layi biyu da maka, shiga da fita, ya manna a bangon masallaci kusa da inda ake ajiye takalma, duk Juma'a ya sabunta, har kuɗin ruwan leda da aka saya wa lebura yana ciki, ya liƙa kwafin rasit a ƙasa da salatif. Tsofaffi da ba sa karatun boko sai su sa jikokinsu su karanta musu. Daga lokacin da kwalin nan ya hau bango waɗanda suka ƙi biya suka fara aiko da nasu, don ba wanda yake so a duba a rasa sunan gidansa.

Ku buɗe littafi na biyu na aikin gayya. Ranar kaza, wane da wane sun yi haƙa daga safe zuwa azahar, wane ya ba da baro, wane ya kawo tifa ɗaya ta yashi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ku yi masa kima da kuɗin lebura na garinku. Za ka sha mamakin yadda zai ninka dubu 100 ɗinku a takarda, kuma halal ne, gumi ne aka zubar.

Magudanar kanta

A nan zan ɗan daɗe, saboda magudanar ruwa tana cikin ayyukan da suka fi ba ƙananan kwamitoci kunya. Tambaya ta farko ba nawa za a kashe ba ce, ina ruwan zai je? In babbar kwatar da taku za ta zuba a ciki ta toshe, ko ma babu ita, to kun gina wa sauro gida mai siminti, ko kuma ku kwashe ruwanku ku juye wa layin da ke ƙasa da ku a koma rigima gaban hakimi. Ku bi ruwan da ƙafa ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, daga ƙofar gidajenku har inda yake ƙarewa, ku ɗauki bidiyo. Wannan bidiyon zai yi muku amfani wajen mai tallafi ma.

A Orangi, wata ƙatuwar unguwar talakawa a Karachi ta Pakistan, Akhtar Hameed Khan ya fara wani aiki a 1980 da ya raba abin gida biyu. Na cikin layi mutanen layi ne ke tara kuɗi su shimfiɗa da kansu da taimakon masu fasaha, babbar hanyar ruwa da za ta kwashe na layuka kuma hakkin gwamnati ne. Layi-layi aka bi har aka game dubban gidaje. Ku ma haka za ku raba naku, ku ɗauki na layi, babbar kwata da kwalbatin da zai ratsa titin gwamnati ku rubuta wa hukuma ku yi ta bibiya. Kar ku fasa kwalta da kanku, za ku jawo wa kanku magana.

Wajen aiki daga ƙasa ake farawa, daga inda ruwan zai fita, a yo sama. Ko kuɗi ya yanke a tsakiya abin da aka gina yana aiki. Gangara kuma ba a auna ta da ido, ko birkila ya rantse ya iya, a sa tiyo mai ruwa ko a samo mai awo ya buga turaku. Ku nemi wani a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ko malamin kwalejin fasaha ko ɗan unguwa da ya karanci injiniyanci ya zo ya ga wurin, shi zai faɗa muku faɗi da zurfi da ko ƙasarku tana son zubin kankare ko bulo zai riƙe, wannan ba abu ne da za a yanke daga nesa ba. Ku tsaya a kan kwaɓi, don nan ake satar siminti, kuma bayan zubi a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ku ba wasu matasa wannan aikin da suna, in aka bar wa kowa ba wanda zai yi. Duk aikin a yi shi da rani. Kuma tun kafin a sa diga ku zauna da masu gidajen da dakalinsu ko shagonsu ya shigo hanya, a yi yarjejeniya a rubuce gaban mai unguwa, saboda dakali ɗaya yana iya tsayar da aiki wata uku.

Farashi shi ma ku yi masa tanadi. Waɗanda suka yi lissafi a 2023 suka samu kuɗi a farkon 2024 sun ji jiki, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, kuma mai tallafi ba ya ƙara ko kwabo kan abin da aka amince. Ku karɓo farashi a rubuce daga shaguna uku, ku sa ɗan rara a lissafi ku rubuta sunansa a fili, kuma ranar da kuɗi ya shigo ku sayi siminti da rodi kafin komai.

Bayan an gama

Tambayar da nake fara yi wa kowane kwamiti ita ce wa zai yashe kwatar nan shekara uku masu zuwa. Mai tallafi zai ba da kuɗin gini, ba zai ba da na kula ba. Magudana sabuwa in aka bar ta da leda da yashi da bola damina biyu ta ishe ta ta koma yadda take. Unguwannin da nasu ya ɗore su ne waɗanda suka ce kowane gida shi ke da alhakin gaban ƙofarsa, aka sa ranar yasa ta kowa da kowa kafin ruwan farko, aka yanka ɗan kuɗi kaɗan duk wata kan kowane gida, aka kuma samar da inda za a kai sharar, don in ba wurin zubarwa yaran da ake aika da bola cikin kwatar za su juye. Abin da aka yaso kuma a kwashe shi a ranar, in aka tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi ciki. Ku rubuta wannan tsarin ku haɗa da takardar neman tallafinku, masu dubawa suna lura da shi sosai don kaɗan ne ke kawo shi.

Ka kuma shirya wa jira. Daga shigar da takarda zuwa ganin kuɗi yana iya kaiwa shekara, wani lokacin ma a ce zagayen ya rufe, kuma ƙaramin tallafi ba zai magance ambaliyar da ta samo asali daga gine-ginen da aka yi kan hanyar ruwa a wata unguwa ba. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗin fom ko kason sa kafin ya shigar da sunanku ku rabu da shi, haka masu turo saƙo a WhatsApp da sunan Bankin Duniya suna neman BVN, Bankin Duniya ba ya hulɗa da unguwa kai tsaye, ta hannun gwamnati kuɗinsa ke bi.

Saboda jiran nan nake ba ku shawara ku taɓa wani abu daga kuɗin ku yi aikin da za a gani cikin makonni kaɗan. Ku sayi shebur da baro da safar hannu da takalman roba, ku yashe tsohuwar kwatar tun daga mafitarta, ku ɗauki hayar tifa ta kwashe, wajen da ya rufta ku gyara ko mita 10 ne. A ɗauki hoto kafin a fara da bayan an gama daga wuri ɗaya. Sauran kuɗin ya zauna a asusu a matsayin kasonku. In kun yi taron mai unguwa kun auna tsawon layin, turo min tsawon da inda ruwan ke fita da farashin da shaguna suka ba ku, sai mu tsara wasiƙar da lissafin tare in sha Allah.